Yadda Muka Ci Tare a Hindawiyya

Da sunan Allah nake farawa, shi ya kai mu, shi ya dawo da ni.

Sunana Abu, a gida Iya ake ce mini. Ni ce matar marigayi mai goro na bakin kasuwar Rano. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko yanzu da ba ya nan, Malam nake ce masa. Tun da na fita takaba mata ba su bar ni na huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Hajiya, yaya Makka take?" Waccan ta ce, "Da gaske ne Larabawa ba su san tuwo ba?" Kowacce sai na faro mata daga farko, kuma duk ta inda na biyo, wuri ɗaya nake zuwa kuka ya ci ƙarfina. Shi ya sa na ce wa Rabi, 'yar ƙanwata da ke koyarwa a makarantar 'yan mata, ta zauna ta rubuta. Ni ban san baƙi ba, na boko ko na ajami. Wadda ta tambaya nan gaba a karanta mata, ni in shige ɗaki.

Kafin in hau hanya bari in faɗi abin da duk kun sani. Tun ina yarinya aka kawo ni gidan Malam, har muka ga jikoki, ban taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba. In na tuƙa tuwo sai in zuba a akushi a kai zaure su ci da Liman da sauran maƙwabta, akushi ya dawo ba komai, ni kuma in ci nawa a gindin murhu. Kuma Malam ba ya cin abincin kasuwa. Yakan ce dattijon da ya tsuguna gaban mai tuwo-tuwo ya jefar da rawaninsa a ƙasa. Saboda haka da niyyar hajji ta tabbata, na yi guzurin da zai kai mu ya dawo da mu: garin dawa, dambun nama, ƙuli-ƙuli, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, da man shanu a kwalba.

Waɗanda Allah ya hore wa jirgin sama suke hawa daga Kano. Mu ta ƙasa muka bi, bayan ƙaramar salla, zafi ya fara. Babbar mota mai bodin katako ta kai mu Maiduguri, wata ta kai mu Fotlami. A can muka daɗe muna jiran motar gabas, a wani fili da alhazai ke yada zango, kuma a can Allah ya haɗa mu da Bello da matarsa. Bello mutumin Damagaram ne, ya yi shekaru yana aikin kuku a gidan wani Bafaranshe. Bakinsa ba ya rufuwa. Wata rana da la'asar ina dama kunu a bayan tabarma na ji yana ce wa Malam:

"Malam, ka san Nasaran nan ba sa cin abinci haka kawai? Kowane abinci da giyarsa. In kifi ne, fara. In naman sa ne, ja. Ranar da na kuskure na kai ja da kifi, uwargidan ta riƙe kai kamar an aiko mata da mutuwa."

Malam ya ce, "A'uzu billahi. Kai kuma ka taɓa?"

"Wallahi ko a harshe. Hancina ne dai ya sha ya ƙoshi, shi zan kai Zamzam in wanke."

Malam ya yi dariya har da tari. Can ya ce, "In ka cire haramcin, ai ba su yi ƙarya ba. Wa zai ba ka ƙosai ba koko, ko fura ba nono? Kowane abinci da mahaɗinsa."

Bayan mun wuce Abashe, kafin iyakar Sudan, motarmu ta kafe a yashi ta karkata. Ba wanda ya ji ciwo, amma garwar kananzir da aka ɗaure a sama ta faɗo ta fashe a kan buhuna. Gari, dambu, ƙuli-ƙuli, duk suka tafi. Na zauna a yashi ina shinshina ƙulli ɗaya bayan ɗaya ina kuka. Kuɓewa kaɗai ta tsira, don tana cikin tukunya a rufe. Na yi hamdala, domin a sanina ita ce miyar da Malam ya fi so.

A iyaka aka jera mu a rana, aka duba takardu, aka duba dantsen kowa a ga tabon lamba. Mata na zaune a gindin bishiya suna sayar da kisira, wata irin gurasa ce ta dawa mai laushi kamar ƙyalle, da miya mai yauƙi a kai. Yunwa ta sa Malam ya bari Bello ya sayo masa, amma sai da ya zagaya bayan mota ya fuskanci taya sannan ya ci. Ni ma na juya baya don kada in gani.

Ban sani ba ko ruwan wata rijiya ne da muka sha a hanyar Lubayyid, ko zafi ne, ko kuwa dai kwana ne ya matso. Cikin Malam ya ɓaci tun kafin mu hau jirgin ƙasa, bai kuma daidaita ba. Duk inda aka tsaya na samu gari in tuƙa masa ɗan tuwo da miyar kuɓewa, ya karɓa ya shiga gefe, kwano ya dawo kusan yadda ya tafi. A Sawakin aka tsare mu a bakin teku ana jiran jirgi, aka sake yi mana allura. A Bahar Maliya kuwa kowa ya yi amai, har Bello ya yi shiru. Da maza suka ɗaura harami na ga haƙarƙarin Malam a waje, ana iya ƙirga su. Ban taɓa ganinsa haka ba.

Ba zan iya faɗa muku yadda Ka'aba take ba. Wanda ya gani ya gani. Abin da zan faɗa, Malam bai iya ɗawafi da ƙafarsa ba. Ƙarti suka ɗauke shi a kan wani gadon katako da ake ɗaukar tsofaffi, ina biye. Da na ɗaga kai na gan shi a sama cikin farin ƙyalle, gabana ya faɗi, don abin ya yi kama da makara.

Mutawwifinmu, wato mai masaukin da ke yi wa alhazai jagora, ya sauke mu a wani gida a Hindawiyya. Unguwa ce mai cunkoso, lunguna ƙanana, motocin haya na ta hon, kuma ko'ina ka juya sai ka ji Hausa, ta Kano, ta Sakkwato, ta Damagaram, an cakuɗa da Larabci. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo da ƙafa suka zauna, 'ya'yansu in ka gaishe su da Hausa su amsa da Larabci. Ɗakinmu cike yake da mutane, girki kuwa a kan risho ake yi a soro, ni kuma tsoron risho nake.

Malam ya kwanta. Ruwan Zamzam kaɗai ke shiga cikinsa. Wata safiya ya kira ni ya ce, "Iya, ba na roƙon Allah in koma Rano. Arfa nake roƙo. Wanda bai tsaya Arfa ba bai yi hajji ba, kin sani. In na kai ranar, to, sauran nasa ne."

Ranar kuwa da sauranta, watan babbar salla bai ma tsaya ba. Bello ya ja ni gefe ya ce, "Iya, in bai ci ba ba zai kai ba. Gaskiya ke nan."

To, ni da ban taɓa sayen ko ƙosai a bakin hanya ba, na yafa mayafi na bi matar Bello muka shiga gari neman abin da zai ci. A nan na ga abin mamaki. Mutanen Makka ba sa jin kunyar ci a waje. Dattijo da farin gemu, da rawaninsa, ya zauna a shago a bakin titi yana gutsurar gurasa, ana wucewa ana gaishe shi. Na je wurin wani Bayamane mai sayar da ful, manyan wake ne da ke daɗewa a wuta cikin tukunya mai dogon wuya har su narke. Na nuna da yatsa, ya zuba mini a kwano. Na je wurin mutanen Buhara masu jar shinkafa da naman rago. Na sayo wani abu mai zaƙi na gurasa da ayaba da aka kirɓa da zuma. Duk abin da na kawo, Malam ya duba ya ce, "Allah ya yi miki albarka," ya juya ga bango.

Wata mai wankau da ke zuwa gidan ce ta ce mu gwada wurin Hajiya Kande. Bazazzagiya ce, ta zo hajji da mijinta tun zamanin da ake tafiya da jakuna, ya rasu a can, ita kuma ta zauna tana sayar da abinci a zauren gidanta. Na same ta a tsakanin tukwane, ƙatuwar mace da murya kamar ta sanƙira. Na miƙa kwano na faɗi damuwata. Ta ture kwanon.

"La, la, a'a. Ba na zuba wa mara lafiya a kwano a yi yawo da shi a rana. Kafin ki isa ya huce, ya zama abin liƙa takarda. Ki kawo shi nan. Mutumin ina ne?"

Na ce, "Rano, ƙasar Kano."

"Ashe bawana ne! Ki je ki ce masa uwargijiyarsa Bazazzagiya na kira. In ya isa ya ƙi."

Na koma na faɗa wa Malam yadda ta ce, ina tsoron ya yi fushi. Sai na ga leɓensa ya motsa. Ya ce, "Bazazzagiya ce ta ce ni bawanta ne? Bello, kama ni. Ba zan mutu da wannan a wuyana ba."

Bello ya riƙe shi muka taka a hankali, muna hutawa a gindin kowane bango. Zauren cike yake da maza suna ci. Hajiya Kande ta ɗaga wani labule a can ciki, inda take zaunar da masu iyali, ta shimfiɗa tabarma ta sa masa matashi.

"Sannu Bakano. Rowa ce ta hana ka ci, ko? Kana tattalin kuɗin goro."

Malam ya ce da ƙyar, "Ina tsoron girkin Zazzau ne. An ce gishirinku ma aro kuke yi."

"Yalla, maza gyara zama, za ka gani."

Ta kawo abin da suke kira salik, farar shinkafa ce da aka dafa a romon nama da madara har ta yi laushi kamar fate, da ɗan man shanu a sama. Faranti ɗaya ta ajiye a tsakaninmu. Na jira ta kawo nawa, ba ta kawo ba. Na ce a hankali, "Hajiya, ni a ba ni a wani kwanon, in koma can."

"Wane kwano? Lokacin hajji ne, ko murfin tukunya ba ni da shi a banza. Nan miji da mata faranti ɗaya suke ci, har da 'ya'yansu. Ba Rano ba ce."

Na juya baya na fuskanci bango. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na daɗe a haka ina sauraro, ban ji motsin komai ba. Hajiya Kande ta leƙo ta ga farantin yadda ta bar shi, ta rage murya ta ce mini, "Ke 'yar'uwa, na ga irinsa da yawa. Mara lafiya ba ya ci shi kaɗai. A gida da wa yake ci?"

Na ce, "Da maƙwabta, a zaure."

"To ina maƙwabtan? Tun da kuka baro gida a bayan mota yake ci kamar ɓarawo. Ke ce maƙwabtan yanzu."

Ta saki labule. Sai na ji muryar Malam a bayana. "Iya, juyo. Mun tsufa. Ba wanda ya san mu a nan sai Allah, shi kuma ya daɗe da sanin muna ci."

Na juyo. Na wanke hannu na sa a gefena, idona a ƙasa. Na ɗauki loma na kai baki ina kuka. Ta gefen ido na ga hannunsa ya shiga farantin. Ya ci loma ɗaya, ya huta, ya ƙara. Rabi, rubuta wannan da kyau: ranar na fara ganin yadda mijina yake tauna. A hankali yake yi, ta gefen dama, don ashe haƙoran hagu sun daɗe da zubewa, ni ban sani ba.

Ya miƙa hannu ga tulun ruwan sanyi, Hajiya Kande ta shigo ta ɗauke. "Haram a kanka! Ruwan sanyi a kan mai? Cikinka zai ƙulle." Ta kawo shayi da na'a-na'a a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Ya sha, ya yi gyatsa, ya yi gumi. Bello da ke waje ya ce, "Malam, ka ga maganar Nasarana?" Malam ya ce, "Na gani. Amma wannan halal ne."

Daga ranar kullum muna can. Hajiya Kande ke yanke abin da za a ci da abin da za a sha a kai, ba a musu da ita. In ta aika aka karɓo ful da gurasa mai zafi daga wurin Bayamanen, to shayi mai madara ne. Dabino ba ta bayarwa sai da gahawa mai ɗaci a finjali, ta ce zaƙi da ɗaci su ke riƙe juna. Da ya ɗan yi ƙarfi ta sa aka kawo tsire daga wurin wani Bagobiri a bakin lungu. Larabawa ma layi suke yi a wurinsa, har sunan sun ɗauka, sai dai bakinsu ya karkatar da shi. Tsinke ɗaya ta yarda ya ci, da sobiya, wani farin abin sha ne na sha'ir mai ɗan tsami, kamar kunun zaƙi da aka tace. Shinkafar mutanen Buhara kuwa da nono mai tsami ake binta. Abincin da bai karɓe shi ba ta cire, ta ce, "Halas, an gama, wannan ba na Kanawa ba ne, sai masu asali."

A bayan labulen nan muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba. Wata rana na ce masa in mun samu gari zan roƙi Hajiya ta bar ni in yi masa tuwo da sauran kuɓewata. Ya ce, "Iya, in faɗa miki wata magana ba za ki yi fushi ba?"

Na ce, "Faɗi."

"Ni ba na son kuɓewa. Tun ina yaro."

Na saki baki. Na ce, "Akushin da ke dawowa kamar an lashe?"

"Liman ne. Shi yake sonta. Ranar kuɓewa ni gefen tuwon nake gutsura."

Na ce, "Shekara da shekaru ina yanka kuɓewa ina shanyawa saboda Liman?"

Ya yi dariya har hawaye, ni ma na yi, daga nan dariyar ta juye mini. Na tuna duk hanyar Sudan da na yi ta tura masa ita yana ciwo. Ya ce, "Bari kuka. Ke ma ai ban san abin da kike so ba. Me kike so?" Ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na ce ƙanzo. Ya kira Hajiya Kande ya ce daga yau a riƙa kankaro wa Iya gindin tukunya. Ta ce, "Kanawa dai! An kawo ku Makka ma ƙanzo kuke nema."

Ban ce ya warke ba. Ciwon na nan. Amma ya fara zuwa wurin Hajiya Kande ba tare da Bello ya riƙe shi ba, sanda kawai. Ranar da za a fita Mina ta ƙulla mana dabino da gurasa, ta zuba gahawa a kwalba ta naɗe da tsumma. Ta ce masa, "Bawana, in ka tsaya ka sa ni a addu'a." Ya ce, "Zan roƙa wa Zagezagi shiriya." Na ga ta goge ido da gefen mayafi.

Ranar Arfa rana ta buɗe kamar za ta narka dutse. Mutane na faɗuwa. Malam na kwance a tanti tun hantsi, ina jiƙa tsumma ina sa masa a ƙirji. Bayan azahar na ba shi dabino, ya ce sai na ci rabi. Na ci, ya ci, ya kurɓi gahawar. Da rana ta yi sanyi ya ce, "Ku tashe ni." Bello ya ce, "Malam, ko a kwance ma ya yi, malamai sun faɗa." Ya ce, "Na sani. Tashe ni." Muka fito da shi bakin tanti. Ya dafa kafaɗata da hannu ɗaya, ya ɗaga ɗayan. Ban ji abin da yake roƙa ba, leɓensa kawai ke motsi. Nauyinsa a kafaɗata bai fi na yaro ba. Haka muka tsaya har rana ta faɗi.

Washegari da hantsi, a Mina, ana ta yanka, ya cika. Kansa na kan cinyata. Bello da wasu maza suka yi masa sutura cikin haraminsa, kansa a buɗe, suka tafi da shi. Mata ba sa bi. Kabarin can ba a sa masa alama, ko Bello da ya sa shi a rami ya ce ba zai iya nuna wurin ba. Matar Bello ce ta riƙe hannuna na ƙarasa sauran ayyukan, ban san yadda na yi su ba.

Da muka koma Hindawiyya Hajiya Kande ta ce in zauna wurinta. Ta ce, "Ga ɗaki, ga aiki, ga mijinki kusa. Ni ma haka na yi." Wallahi zuciyata ta so. Amma na san alhazan jirgin sama za su riga mu isa, za su kai labarin rasuwa, kuma ba wanda ya san lokacin da ta faru a cikinsu, don ba tantinmu ɗaya ba. Na ce mata akwai maganar da sai ni zan kai. Ta rungume ni, ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya a ranar.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Ruwa ya fara sauka, mota ta yi ta kafewa a laka, Bello da matarsa suka rabu da ni a Fotlami bayan sun haɗa ni da wasu mutanen Bunkure. Na iso Rano da yamma, an daɗe da share makoki. Mata suka fito da kuka suka kewaye ni. Babban ɗanmu na tsaye a bakin zaure, shi ma gemunsa ya fara fari. Bai yi mini sannu da zuwa ba. Ya tsuguna a gabana ya ce:

"Iya, an ce mana ya rasu, amma ba wanda ya iya gaya mana ko kafin ne ko bayan. Baba ya samu Arfa?"

Na ce, "Ya samu. A tsaye, da ƙafarsa, har rana ta faɗi. Ni ya dafa."

Ya kifa goshinsa a ƙasa a nan bakin zaure ya daɗe bai ɗago ba.

Rabi, tsaya nan. Wanda ya ji wannan ya yi wa Malam addu'a, ya haɗa da Hajiya Kande.